Sa'ad da Zuciyar Iyayenmu Ta Gaji, Ina Ikilisiya Take?

 Akwai wata matsala da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya a ikilisiyoyinmu, amma ba kasafai ake kawo ta gaban majalisar dattawa ba, ba a kuma cika jin ta cikin wa'azi ba. Matsalar kuwa ita ce yadda muke yi da iyayenmu sa'ad da ciwon zuciya ya ci ƙarfinsu, har likitoci suka ce ba sauran warkewa, sai dai lallaɓawa.

Duk wanda ya yi 'yan shekaru yana hidima cikin jama'ar Allah ya san yadda abin yake tafiya. Baba ko Inna za su fara kukan gajiya da haki, ƙafafu su kumbura, barci ya gagara sai a zaune. A kai su asibiti a kwantar, su sami sauƙi a sallame su, bayan wata biyu ko uku a sāke komawa. A sayar da hatsin da ke rumbu, a sayar da awaki, wani lokaci har a jinginar da gona. Daga bisani likita ya kira babban ɗa gefe ya ce masa su koma gida su ci gaba da kula da tsohon. A nan ne yawancinmu muke bin ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Waɗansu su ɗauki mara lafiya su shiga yawo da shi, daga wannan gidan addu'a zuwa wancan mai magani, har ƙarfinsa da kuɗin gidan su ƙare tare. Waɗansu kuma su kwantar da shi a ɗakin baya, su bar wa mace ɗaya dukan nawayar, kowa ya zuba ido yana jiran ranar.

Ra'ayinmu shi ne, duka hanyoyin nan biyu ba su dace da masu bi ba. Akwai hanya ta uku, wato a yi jinyar mahaifi a gidansa, da sani da tsari da ƙauna, tare da shawarar ma'aikatan lafiya, da nufin rage masa wahala har ranar da Ubangiji zai kira shi. Muna kuma cewa wannan aiki ya fi ƙarfin iyali guda. Aikin ikilisiya ne.

Mene ne wannan ciwo?

Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana kuwa bugawa kusan sau 100,000 kowace rana domin ta tura jini ko'ina cikin jiki. Idan likita ya ce zuciya ta gaza, ba yana nufin ta tsaya ba ne. Yana nufin ta raunana, ba ta iya tura jini yadda jiki yake bukata. Saboda haka ruwa yakan taru a huhu ya kawo haki da tari, ya taru a ƙafafu da ciki ya kawo kumburi, ƙoda kuma ta riƙe gishiri da ruwa, abin ya ƙara tsananta. Wannan ne dalilin da ya sa mara lafiya ba ya iya kwanciya miƙe, yakan kuma farka da tsakar dare kamar an shaƙe shi. Ba sammu ba ne, ba kuwa jifa ba ce.

A ƙasashenmu babban abin da ke kawo wannan ciwo shi ne hawan jini wanda aka yi shekaru ba a kula da shi ba. Wani bincike da aka buga a shekarar 2012, wanda ya duba marasa lafiya 1,006 a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya nuna cewa hawan jini ne sanadi ga kusan kashi 45 cikin ɗari, matsakaicin shekarunsu kuwa 52 ne kawai. Ke nan iyayen da muke magana a kansu ba lalle ne su zama masu furfura da sanda ba. Da yawa suna da yara a makaranta.

Likitoci sukan kasa ciwon mataki huɗu. A na fari mutum yana aikinsa ba tare da damuwa ba, a na huɗu kuwa yana haki ko da yana zaune bai motsa ba. Muna jan kunne a nan: kada wani iyali ya yanke wa mahaifinsa hukunci da kansa. Mutane da yawa da aka kawo asibiti a kumbure sun miƙe sun yi shekaru suna noma domin sun sami maganin da ya dace, sun kuma riƙe shi. Likita ne, bayan gwaji da gwada magunguna, zai faɗa cewa ciwon ya kai matakin ƙarshe. Ko a matakin ƙarshen ma, tafiyar ciwon hawa da sauka ce. Yau a fid da rai, jibi ka tarar da shi a ƙofar gida yana shan hantsi, wani kuma ya tafi farat ɗaya ana tsakiyar hira. Shi ya sa shiri tun da wuri ya zama dole.

Jinyar sassauci gādonmu ce

Irin kulawar da muke magana a kanta, mu kira ta jinyar sassauci, ba sabon abu ba ne ga Kirista. Wadda ta kafa ta a tsarin asibiti na zamani, Dokta Cicely Saunders ta ƙasar Ingila, mai bi ce. Ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, a shekarar 1967 kuma ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a birnin Landan. Ta koyar cewa zafin da mai ciwon ajali yake ji ya haɗa da na jiki, da na tunani, da na damuwar iyali, da na ruhu, duk wanda ya kula da ɗaya ya bar sauran kuwa bai gama aiki ba. Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likitan mishan a Nijeriya, ta kai wannan aiki Yuganda a 1993, inda ma'aikata suke bin marasa lafiya har gidajensu. A ƙasarmu, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen wannan jinya a 2007. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya bukaci kowace ƙasa ta sa ta cikin tsarin lafiyarta. Duk da haka, bisa ga lissafin hukumar, mutum kusan miliyan 57 ne suke bukatar wannan kulawa kowace shekara, waɗanda suke samu kuwa ba su wuce kashi 14 cikin ɗari ba. A cikin manya masu bukatarta, masu cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun fi masu ciwon daji yawa.

Ba sai mun je Landan neman misali ba. Mu tuna da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, inda 'yan mishan suka kama aikin jinyar kutare tun shekarun 1930, a lokacin da ba a sami sahihin maganin kuturta ba tukuna. Sun wanke gyambo, sun ɗaure rauni, sun zauna da waɗanda danginsu suka guje su. Iyayen waɗansunmu a irin wuraren nan suka fara jin bishara, abin da ya fara taɓa zuciyarsu kuwa shi ne hannun da bai yi ƙyamarsu ba. A shekarun 2000 ma, sa'ad da cutar ƙanjamau take kwasar mutane, matan zumunta da matasanmu sun shiga gida gida suna jinya. Idan mun yi wa baƙi haka, yaya za mu kasa yi wa waɗanda suka haife mu?

Ko wannan rashin bangaskiya ne?

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce wanda ya yarda cewa mahaifinsa ba zai warke ba ya rage ikon Allah. Muna girmama wannan damuwa, gama daga ƙauna take fitowa, mu ma mun gaskata Allah yana warkarwa har yau. Amma mu duba Littafi Mai Tsarki da kyau. Annabi Elisha, wanda Allah ya ta da matacce ta hannunsa, ya kwanta ciwo, ciwon kuwa ya zama ajalinsa (2 Sarakuna 13:14). Manzo Bulus, wanda aka warkar da mutane da yawa ta wurinsa, ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Ba wanda zai ce waɗannan bayin Allah ba su da bangaskiya. Labarin sarki Hezekiya kuma (2 Sarakuna 20:1-7) ya haɗa abubuwa uku wuri ɗaya: annabi Ishaya ya faɗa masa gaskiya ya kintsa gidansa, shi kuwa ya yi addu'a da hawaye, aka kuma shafa masa maganin ɓaure a marurunsa. Allah ya ƙara masa shekara 15. Gaskiya da addu'a da magani ba su taɓa zama abokan gāba ba.

Saboda haka muna faɗa da babbar murya cewa duk wanda ya ce wa mai ciwon zuciya ya zubar da magungunansa domin ya nuna bangaskiya, ya yi kuskure babba, ko da wane irin suna yake amsawa. Mai wannan ciwo idan ya daina shan maganin da ke fitar masa da ruwa, cikin 'yan kwanaki ruwa zai iya cika masa huhu. Haka nan sa shi azumi, ko ɗora shi a babur zuwa taron kwana a wani gari cikin sanyin hunturu, wahalarwa ce kawai. Wasiƙar Yakubu (5:14) ta nuna cewa dattawan ikilisiya ne za a kira su zo wurin mara lafiya. Allah da yake ji a filin taro yana ji a ɗakin Baba.

Waɗansu kuma tsoron bakin mutane ne yake hana su. Za a ce sun ƙi kashe wa tsohonsu kuɗi, sun dawo da shi gida ya mutu. To, mu tambayi kanmu, don wa ake jinyar, don mara lafiya ko don masu kallo? Asibiti yana da amfaninsa, akwai kuma lokutan da dole a koma, za mu ambace su a gaba. Amma idan likita ya tabbatar cewa kwanciya a can ba za ta ƙara kome ba, tsoho ya fi samun kwanciyar rai a ɗakinsa, yana jin muryar jikokinsa, yana cin abin da ya saba, da a ce yana kwance cikin baƙi, 'ya'yansa suna kwana a barandar asibiti. Mu kuma fahimta, jinyar sassauci ba ta gaggauta mutuwa, ba kuwa daina magani ba ce. Rai na Allah ne, shi kaɗai yake da ikon karɓarsa. Namu shi ne mu rage wahala.

Kada mu ɓoye musu gaskiya

Al'adarmu ce mu ce wa mara lafiya ya kusa warkewa ko da mun san ba haka ba ne. Kunya da tausayi ne suke sa mu, amma sau da yawa tsoho ya riga ya sani, gama jiki magayi. Sai ya zama shi yana ɓoye mana, mu muna ɓoye masa, kowa yana kuka shi kaɗai. Kakanmu Yakubu da ya ga kwanakinsa sun ƙarato, ya kira Yusufu ya faɗa masa inda yake so a binne shi, ya tara 'ya'yansa ya yi musu maganar ƙarshe (Farawa 47 zuwa 49). Idan muka rufe wa iyayenmu gaskiya, mun hana su wannan gata: su sa wa 'ya'yansu albarka, su nemi gafara su kuma yafe, su faɗi bashin da ake binsu da wanda suke bi, su raba abin da suka mallaka tun suna da hankalinsu.

Ba muna cewa a faɗo masa da magana kamar aradu ba. A sami wanda yake jin nauyinsa, ko fasto ko dattijo ko babbar 'ya, ya zauna da shi a natse ya tambaye shi yadda yake ganin jikinsa, da abin da yake so ya sani, da abin da ya fi damunsa. Idan ya nuna ba ya son jin ƙari, a ƙyale shi sai wani lokaci. Idan ya tambaya kai tsaye, kada a yi masa ƙarya.

Abin da iyali za su iya yi a gida

Kafin a baro asibiti, a roƙi likita ko nas su rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa, a kuma karɓi lambar wayar wanda za a kira idan jiki ya canja. Mutum ɗaya a gidan ya riƙe wannan takarda, ya riƙa rubuta abin da aka ba da kowace rana. Maganin fitar da ruwa, wanda da yawa suka sani da suna Lasix, an fi shansa da safe domin kada fitsari ya hana barci, a kuma ajiye wa mara lafiya mazubi kusa da gado don kada ya fāɗi cikin duhu. Idan zawo ko amai ya kama shi, a sanar da ma'aikacin lafiya a ranar, gama ruwan jikinsa zai iya ƙarewa fiye da kima.

A tada masa kai da kafaɗu da matasai, ko a jingina shi da bango ko kujera. Idan haki ya taso, a zaunar da shi, a buɗe taga, a riƙa yi masa fifita a fuska da mafici ko ƙaramar fanka. Iska mai sanyi a fuska tana rage jin shaƙewa, wannan kuwa abu ne da likitocin wannan fanni suka tabbatar. Wani ya riƙe hannunsa yana masa magana a hankali, domin tsoro yana ƙara haki. A nisanta shi da hayaƙin murhu da na janareta da turaren wuta. Iskar oksijin tana da amfani ga wanda awo ya nuna ta yi masa ƙaranci a jini, don haka kada a ci bashi a saya sai likita ya ce.

Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram biyar a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mu tuna cewa dunƙulen miya cike yake da gishiri, haka ma kanwa, don haka kunun kanwa ba na mai wannan ciwo ba ne. A ba shi abinci kaɗan kaɗan sau da yawa. Yawan ruwan da zai sha kuma a tambayi likita, musamman a zafin bazara. Idan akwai sikeli a auna shi kowace safiya, gama ƙarin fiye da kilo biyu cikin kwana uku alama ce ruwa yana taruwa.

Akwai abubuwa uku da muka saba da su waɗanda suke da hatsari ƙwarai. Na ɗaya, magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis, irin su ibufurofen da daikulofenak, suna sa jiki ya riƙe ruwa, suna kuma ɓata ƙoda. Farasitamol ya fi aminci, idan kuwa bai isa ba a koma wurin likita. Akwai magani mai ƙarfi da ake kira mofin wanda likitoci suke bayarwa da awo domin zafi mai tsanani da wahalar numfashi a kwanakin ƙarshe. Karɓarsa daga hannun likita ba shaye-shaye ba ne, ba kuma zunubi ba ne. Na biyu, ƙarin ruwa. Mun ɗauka duk mai rauni sai an rataya masa ruwa, amma ga wanda zuciyarsa ta gaza, leda ɗaya da aka sa ba bisa ƙa'ida ba za ta iya shaƙe shi. Na uku, tsaga ko ƙaho a kan ƙafar da ta kumbura, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Fatar da ta kumbura ba ta saurin warkewa, ƙaramin yanka yakan zama gyambo.

Idan ya kai ga ba ya iya tashi, a riƙa juya shi kusan kowace awa biyu, a tsabtace shi, a shafa masa mai, a canja shimfiɗa da zarar ta jiƙe, domin kada bayansa ya yi rauni. A yi wannan da mutunci, a rufe ƙofa, a rufe masa jiki. 'Ya'ya maza su kula da mahaifinsu a irin wannan hidima, kada a bar wa matar ɗa abin da zai sa su biyun jin kunya.

A gaggauta neman ma'aikacin lafiya ko a koma asibiti idan haki ya tsananta farat ɗaya bai lafa ba, ko yana tarin kumfa mai ja-ja, ko ƙirji ya riƙe da zafi, ko ya suma, ko fitsari ya ɗauke. Yana da kyau a riga a tattauna da shi da likitansa tun yana iya magana, a san abin da yake so a yi idan irin wannan ta taso.

Sa'ad da kwanaki suka ƙarato, barci zai yawaita, cin abinci ya ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, wani lokaci da ƙara a maƙogwaro. Kada a yi masa ɗura, domin zai iya shaƙewa. A jiƙa masa leɓe da tsumma mai tsabta. Idan ya yi marmarin wani abinci, a ba shi ya ɗanɗana, lokacin tsananta doka ya wuce. A ci gaba da yi masa magana, a karanta masa Zabura, a raira masa waƙoƙin da yake ƙauna da murya ƙasa ƙasa, gama sau da yawa kunne yana ji ko da baki ya rufe.

Nawayar da ke kan ikilisiya

Duk wanda ya karanta abin da ke sama zai ga cewa aikin dare da rana ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. A yawancin gidajenmu mace ɗaya ce take ɗauke da shi, ko matar tsohon wadda ita ma ba lafiya gare ta ba, ko 'ya, ko suruka, ko jikanyar da aka cire daga makaranta. 'Ya'yan da ke birni su aiko da ɗan kuɗi ta waya su ce sun yi nasu. Bulus ya ɗora wannan hakki a kan 'ya'ya da jikoki, bai ware maza ba, ya kuma yi magana mai zafi a kan wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa (1 Timoti 5:4-8). Ubangiji da kansa ya tsauta wa waɗanda suke fakewa da baiko ga Allah su hana iyayensu taimako (Markus 7:9-13). Wannan gargaɗi ya shafe mu shugabanni kafin kowa. Bai kamata mu matsa wa ɗan'uwa ya cika alkawarin kuɗin gini alhali mahaifiyarsa ta kwana uku ba magani ba. Haka kuma al'adar da ta fara shigo mana, ta kashe dukiya a kan akwati mai tsada da anko da dafe-dafen jana'iza bayan an bar mamacin cikin rashi yana da rai, abin kunya ce. A kashe kuɗin tun yana iya cewa na gode.

Mu da muke zaune 'yan kaɗan a garuruwanmu muna da wani dalili na musamman. A cikinmu akwai tsofaffin da danginsu suka janye jiki daga gare su tun ranar da suka bi Almasihu, akwai waɗanda 'ya'yansu suka yi ƙaura saboda tashin hankali ko neman abinci. Ba su da kowa sai ikilisiya. A kan gicciye Ubangiji ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, shi kuwa ya kai ta gidansa (Yahaya 19:26-27). Ikilisiyar fari ma ta zaɓi mutum bakwai musamman domin kada a manta da gwauraye mata wajen rabon abinci (Ayyukan Manzanni 6). Sun yi tsari, ba su bar abin ga wanda ya tuna ba.

Don haka muna ba majalisun dattawa shawarwari kamar haka. A rubuta sunayen dukan masu doguwar jinya a ikilisiya, a naɗa dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumuntar mata su lura da kowane gida. A tsara masu karɓar mai jinya, ko da wuni ɗaya ne a mako, domin ta yi barci, ta je kasuwa, ta halarci sujada. Matasa su ɗauki ɗiban ruwa da itace da noman gonar gidan. Nas ko ma'aikacin lafiya da ke cikin ikilisiya ya koya wa masu sa kai yadda ake juya mara lafiya da awon jini, ya kuma zama mahaɗi tsakanin iyali da asibiti. Ikilisiya ta sayi sikeli, da na'urar awon jini, da keken marasa lafiya, da ledar shimfiɗa, a riƙa ba da aro. A buɗe asusun jinya dabam, da rahoto a fili, gama a Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita. Tun da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta fito, ya kamata a sami mai ilimi a cikinmu ya bincika tsarin da ke jiharsa, ya taimaki tsofaffi su yi rajista. A kai wa mara lafiya Jibin Ubangiji har ɗakinsa. Masu zuwa dubiya kuma su taƙaita, su shiga biyu biyu, kada a cika ɗaki a toshe masa iska, kada kuma a zauna jiran a kawo abinci daga gidan da ke cikin wahala.

Zumunci a ƙafa yake, maƙwabtanmu Musulmi kuwa sun riƙe al'adar dubiya da kyau. Idan dangin mara lafiya da ba sa bin bangaskiyarmu suka zo gaishe shi, a karɓe su hannu biyu, a ba su wurin zama, gama jininsa ne, sau da yawa kuma a bakin gadon jinya ake ɗinke ɓarakar shekaru. Amma dattawa su taimaki tsohon ya faɗi da bakinsa, a gaban shaidu daga ɓangarorin biyu, inda yake so a binne shi da yadda za a yi, a kuma rubuta. A wuraren da maƙabartarmu take da nisa ko babu ita, a shirya wannan tun da wuri. Jayayya a kan gawa ba ta kawo wa sunan Almasihu daraja.

Abu na ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Tun da hawan jini ne tushen yawancin wannan wahala, me zai hana a riƙa awon jini bayan sujada sau ɗaya a wata, a kuma ƙarfafa wanda aka sa wa magani ya riƙe shi ko da yana jin garau? Mu da muke jinyar iyayenmu yau, mu ne za a yi jinya gobe.

'Yan'uwa, cikin abubuwan da Ubangiji ya ce zai duba a ranar shari'a akwai ziyarar marasa lafiya (Matiyu 25:31-46). Muna roƙon kowane fasto da kowane dattijo da ya karanta wannan ya sa maganar cikin jerin abubuwan da majalisarsu za ta tattauna a zama na gaba, a kuma fara da gida ɗaya da aka sani yana cikin wannan hali yanzu. Allah na dukan ta'aziyya ya ƙarfafa masu jinya, ya sauƙaƙa wa iyayenmu, ya ba mu zuciyar yi musu hidima har ƙarshe. Amin.